Bai suma ba, amma ƙwaƙwalwa ta girgiza

"Tunda bai suma ba, ai da sauƙi." Da wannan maganar ake sallamar wanda ya faɗi a babur, daga Kara har cikin Gwarzo da Kabo. A ɗaga shi, a kakkaɓe masa riga, a duba ƙeya a ga ba jini, sai a yi masa barka da arziki. Washegari yana tasha yana jiran fasinja, ko yana kan tsani ana miƙa masa bulo.

Maganar ba ta da tushe. Cikin mutum goma da ƙwaƙwalwarsu ta girgiza, kusan tara ba sa suma. Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, kuma cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Ɗauki ƙwaryar kindirmo ka jijjiga da ƙarfi: ƙwarya ba ta tsage ba, ko ɗigo bai zuba ba, amma buɗe faifan ka ga yadda kindirmon ya tsinke. Shi ya sa sau da yawa ko hoton kai aka ɗauka ba a ganin komai, don abin da ya rikice shi ne aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke neman ƙarin ƙarfi don su farfaɗo a daidai lokacin da jinin da ke zuwa musu ya ragu. Masu kallon ƙwallo za su tuna Christoph Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya a 2014. An buge shi a kai, ya tashi ya ci gaba da wasa, can sai ga shi yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe.

A wurinmu alamun ba sa zuwa da hayaniya. Ɗan acaɓa ya ba da canji sau biyu. Ya wuce kwanar da ya saba shiga kullum. Hasken rana ya riƙa sukar idonsa, ƙarar injin niƙa ta hana shi sakat, barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa. Uwargida ce kan fara lura, ta ce malam ya zama mai saurin fushi, abu kaɗan ya hau yara da faɗa. Daga nan sai a shiga hasashe: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu, wani ya raɗa cewa ya fara shaye-shaye. Faɗuwar makon jiya ba wanda ya tuna da ita.

Mutumin da ke cikin wannan hali hannunsa ba ya kai wa burki da saurin da ya saba, ga jiri. Ka ɗora shi a kan titin Kano zuwa Gwarzo da fasinja a baya. Bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi ɓarna, yana jawo jinya ta watanni, a kan matasa kuma wani lokaci ƙwaƙwalwa kan kumbura har a rasa rai.

Kwanciya a ɗaki mai duhu mako da makonni ma ba magani ba ce, likitoci sun bar wannan shawarar. Ana so a huta kwana ɗaya zuwa biyu, a rage kallon waya, sannan a fara ɗan tattaki. In ciwon kai bai ƙaru ba, a koma aiki mara nauyi na rabin yini, kamar zaman shago. Tuƙi, hawa gini da aikin inji su ne na ƙarshe, sai alamun sun ɗauke. Yawancin manya kan warware cikin mako biyu zuwa huɗu. Farasitamol ya isa; asfirin na iya ƙara zubar jini, tiramol kuwa rufe alamun yake yi.

Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da tashi ke wuya, farfaɗiya, rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa, ruwa ko jini daga kunne ko hanci: waɗannan ba a kwana da su. A nufi Babban Asibitin Gwarzo, in abin na tiyata ne a wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsoho kuwa, jini na iya taruwa masa cikin kai a hankali, sai bayan makonni ya fara rikicewa a ce tsufa ne.

To amma in ɗan acaɓa ya huta, wa zai ciyar da gidan? Mai babur yana jiran balas ɗinsa da yamma, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan a takarda, ba ta iso tashar acaɓa ba. Hular kwano da hukumar kiyaye haɗura ta tilasta a Janairun 2009, har wasu a Kano suka kifa ƙwarya a ka, an yi kamen ɗan lokaci an watsar. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da ke yankar tikiti kowace safiya za su iya ware wani abu daga ciki, su ɗauke wa wanda ya bugu a kai balas ɗin mako biyu.