Farar Ƙasa da Fitilun Yiwu: Kwalliyar Kirsimeti a Ƙasar Birnin Gwari

A ƙauyukan da ke bakin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, tun daga Buruku da Udawa har cikin ƙasar masarautar Birnin Gwari, da bango ake gane gidan da ke shirin Kirsimeti tun kafin a ga sabon ɗinki. Da zarar hunturu ya sauka, an kai masara da dawa rumbu, sai mata su yaɓe inda damina ta zaizaye, su shafe ɗaki da farar ƙasa, su sabunta daɓen tsakar gida. Kiristoci ba su ne masu rinjaye a wannan yanki ba. Akwai Gbagyi da Kamuku da ke zaune tun kaka da kakanni, akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudancin Kaduna da kudancin ƙasar. Amma bikinsu sananne ne, kuma maƙwabta Musulmi sun saba karɓar kwanon shinkafa ranar 25 ga Disamba, kamar yadda su ma suke aikawa da tuwon Sallah.

A 'yan shekarun nan kwalliyar ta ragu, ta kuma sauya kama. Bishiyar roba da fitilu masu ƙyaftawa da ƙwallayen ado, waɗanda suka fara shiga falon malamin makaranta da na ma'aikacin asibiti, sun ja baya. Mutane na ƙoƙarin komawa ga abin da hannu zai iya haɗawa. Da yawa kan ɗora laifin a kan tsadar rayuwa su yi shiru. Tsadar gaskiya ce, sai dai a ganina rabin labarin ke nan.

Mu fara da rabin da kowa ya sani. Bishiyar Kirsimeti baƙuwa ce a nan: al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da iyalinta a gindinta a 1848. Ta robar da ake gani a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta Kaduna kuwa daga Sin take zuwa, galibi daga birnin Yiwu, wanda ake ƙiyasin shi ke samar da kusan kashi biyu cikin uku na kayan adon Kirsimeti na duniya. Da dala ake saro ta. Kafin Yunin 2023 dala na wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024, sannan a Disambar shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Magidancin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 yana da layin buƙatu a gabansa: shinkafa, kaza ko karo-karon yankan saniya, kayan yara, baikon coci, ga kuɗin makaranta na jira a Janairu. Ado ne ƙarshen layi, daidai ruwa daidai tsaki. Ko an sayi fitilun ma, da wace wuta za a kunna su? A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata lantarki, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna.

Da a ce a nan matsalar ta tsaya, da amsar ta zo da sauƙi: a koma wa kayan gida, tunda kyauta ne. To amma ina kayan gidan suke fitowa? Farar ƙasa ana haƙo ta ne a gefen rafi ko rami, sau da yawa nesa da gari. Makubar da ke sa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta. Gambar da ake saƙa sabon zana, shucin baibaya, gora da gwangwalar da matasa ke ƙera rumfar komin dabbobi a harabar coci, kabar tabarma, duk daga daji suke. Karan dawar da yara ke fafewa su haɗa tauraro ko ɗan raƙumi daga gona yake. Kwalliyar talaka ba ta cin kuɗi, amma tana buƙatar ƙafa ta iya shiga daji ta fito lafiya.

Wannan ne abin da Birnin Gwari ta rasa fiye da shekara goma. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999, da Kuyambana da ke haɗe da shi ta ɓangaren Zamfara, sun zama mafakar 'yan bindiga. Hanyar Kaduna mai tsawon kilomita kusan 120 ta koma wadda ba a bi sai da rakiyar sojoji. Ƙauyuka sun watse, manoma sun biya harajin dole kafin su girbe abin da suka shuka. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako a yankin, ta hana sare itace da haya da babur, ta kuma sa aka katse layukan waya na wani lokaci. Matakan tsaro ne, amma ga mace mai neman makuba ko matashi mai neman gora, sun ƙara toshe hanyar da ta rage. Sai aka shiga halin gaba kura baya sayaki: kayan kanti sun fi ƙarfin aljihu, kayan daji sun fi ƙarfin rai.

Akwai wani dalilin kuma da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi taɓa ni. Shafe ɗaki magana ce: mai gida na cewa a nan zan kwana, a nan baƙi za su same ni. Wanda ke kwana da takalmi a kusa ba ya yi wa bango ado. Iyalin da suka gudo suka kama ɗaki ɗaya a Buruku ko unguwar Sabon Tasha ta Kaduna ba su da bangon nasu da za su shafa. Waɗanda suka zauna kuwa sun koyi cewa haske da dare na jawo ido, gidan da ya fi kyau shi ake zaton yana da abin biyan fansa. Rage ado a irin wannan wuri dabarar tsira ce.

Me wannan ya haifar? Na farko, kwalliyar ta tashi daga gida ta koma coci. A majami'un ECWA da Baptist da Katolika, zumuntar mata da ƙungiyar matasa kan yi karo-karo, a sayi balan-balan da zare, a yanka takardu masu launi, a lulluɓe bagadi da zannuwan anko na bara. Abin da gida ɗaya ba zai iya ba, gida talatin sun iya. Ina ganin alheri a nan, don yaron da ubansa ba shi da ko sisi yana tsayawa ƙarƙashin ado ɗaya da ɗan mai hali. Hasarar ita ce aikin daɓe, wanda mata ke yi gayya suna waƙa suna buga madaɓi, yana ɓacewa. Yarinyar da ta tashi a ɗakin haya mai siminti ba ta san yadda ake jiƙa makuba ba.

Na biyu, fitilar sola mai arha ta cike gurbin da lantarki ya bari, kuma ita ce sayayyar da na fi yarda da ita, domin bayan biki tana nan yara na karatu da ita. Ta kuma fi kyandir aminci nesa ba kusa ba. Takarda da busasshiyar ciyawa da iskar hunturu, in aka haɗa su da kyandir ko wayar lantarki mara inganci, gobara ce ke jira, kuma a ƙauyen da ba motar kashe gobara rumbu ne ke tafiya tare da ɗaki.

Ƙananan 'yan kasuwa da ke saro kayan ado daga Kaduna sun yi asarar ciniki, wasu sun koma sayar da hulunan yara da tabarau na roba da ke saurin fita. Bashi kuwa bai ragu yadda ake zato ba. Ya dai koma kan abinci da ɗinki, inda kuɗin adashe ke ƙarewa.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamnan Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka sanar da sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara ta dabbobi da ta daɗe a rufe. Motoci sun dawo hanya, manoma da dama sun koma gonakin da suka bari. Ana ta muhawara kan ɗorewar sulhun da kuma hakkin waɗanda aka kashe wa 'yan uwa, kuma muhawarar ta cancanta. Ta fuskar aljihu ma sauƙin bai cika ba, don a 2025 farashin masara ya faɗi alhali taki na nan da tsadarsa, sai manomi ya cika rumbu amma kuɗin hannunsa kaɗan ne. Wannan na nuna cewa bishiyar Yiwu ba za ta dawo da wuri ba. Abin da zai iya dawowa shi ne farar ƙasa da daɓe da sabon zana, muddin daji ya ci gaba da buɗuwa, kuma muddin masu gawayi ba su riga mata isa ga itatuwan ba.

Ɗorawa da bazara take nuna, wajen Maris zuwa Afrilu. A lokacin ake tara ɓawonta a adana. Saboda haka tsakar gidan da za ta yi sheƙi a Disamba, tun watanni takwas baya aka yanke hukuncinta, ranar da uwar gida ta duba hanyar daji ta auna ko za ta iya zuwa da 'yarta su dawo kafin la'asar.