Masana'antu a bakin gulbin da ke ƙafewa: misalin Jakara da Calawa a Kano

A darussan labarin ƙasa, idan aka zo bayanin abin da ke jawo masana'antu bakin ruwa, misalin Ingila akan fara kawowa. A can ruwa ya juya injunan kaɗi tun kafin injin tururi ya yaɗu, sa'an nan ya zama hanyar dakon kaya: mashigin ruwan da aka buɗe a 1761 domin kai kwal Mancesta ya karya farashinsa a birnin da kusan rabi. Ɗalibin da ya ɗauki wannan misali ya ɗora a kan ƙasar Hausa zai ɓata hanya. Gulabenmu ba su ɗaukar jirgin kaya, ba su kuma juya inji. A Kano layin dogo, wanda ya iso a 1911, shi ya yi aikin da mashigin ruwa ya yi wa Mancesta. Abin da za mu nuna a wannan ƙasida shi ne cewa bukata biyu masana'antar Kano ke da ita ga gulbi, wato ruwan aiki da wurin zubar da ruwan da ta gama aiki da shi, kuma ta biyun ce yanayin ƙasarmu bai iya ɗauka.

1. Shimfiɗar wurin

Birnin Kano yana zaune ne a kan tudun da ya raba ruwa biyu. Jakara tana ratsa tsohon birni ta nufi arewa maso gabas, ta karɓi rafin Getsi da ke kwaso ruwan unguwar masana'antu ta Bompai, ta zuba a madatsar Wasai, wajen Minjibir. A kudu kuma akwai Calawa, wanda ke karɓar ruwan unguwar masana'antu ta Calawa kai tsaye, da na Sharaɗa ta hanyar rafin Salanta. Bompai ce ta fari, kusa da layin dogo. Sauran biyun sun bunƙasa ne daga shekarun 1970, zamanin arzikin man fetur. An kafa masaƙu, da masana'antun roba, abinci da sabulu, amma wadda ta fi shafar ruwa ita ce jima.

2. Abin da majema ke zubarwa

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, kuma fatun jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi sun daɗe suna tafiya can. Majemi na gargajiya yana aiki da toka da ƴaƴan bagaruwa. Ruwansa yana wari, amma abin da ke cikinsa na ruɓewa ne, ƙasa na iya cinye shi. Majemar zamani kuwa ta bi wata hanya, wadda aka yi rajistarta a Amurka a 1884: jima da gishirin kurom. Da ita akan gama cikin kwana guda aikin da jimar itatuwa ke ɗaukar kwanaki ko makwanni. Fatar takan fito da launi shuɗi-shuɗi, kuma a da can a wannan mataki ne akan sayar da mai yawa zuwa Italiya da Sifen, inda ake ƙarasa gyaranta. Ke nan matakin da ya fi dauɗa ne ke tsayawa a Kano, wanda ya fi riba ya tafi Turai.

Mu bi ruwan mataki-mataki. Da farko ana jiƙa fata domin cire gishirin da aka adana ta da shi, sai ruwan ya fita da gishiri mai yawa. Sa'an nan a zuba farar ƙasa da sinadarin sulfur domin tuge gashi. Daga nan ne warin ruɓaɓɓen ƙwai yake fitowa, tare da gashi, kitse da tsokar da ke cinye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa. Na ƙarshe shi ne kurom. A jimar da aka saba, fata ba ta shan duk abin da aka zuba mata: kusan kashi ɗaya cikin uku yana bin ruwa. Tan guda na ɗanyar fata kuma yakan ci ruwa mita kubik 30 ko fiye. Ya kamata mu yi adalci a nan. Nau'in kurom da ake jima da shi ba shi ne mai tsananin guba ba, amma ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Yana kwantawa cikin laka, kuma a wasu halaye yana iya juyewa zuwa nau'in da ke haddasa ciwon daji.

3. Rani

Duk tsarin zubar da ruwan masana'anta a gulbi ya dogara ne bisa zato guda: cewa ruwan gulbin ya ninka na bututun sau da yawa, zai kuma tsarma shi. A ƙasar da ake ruwan sama kowane wata wannan zato yana da ɗan tushe, ko da yake ko can bai hana gulbin Mancesta baƙi ba. A Kano damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Daga Nuwamba zuwa Mayu kusan duk abin da ke gudana cikin Jakara da Getsi ruwan kwatamin gidaje ne da na masana'antu. Babu abin tsarmawa. Ruwan bututun shi ne gulbin.

Wannan lokaci ne kuma ruwa ya fi daraja. Masu lambu da ke bakin Jakara da Getsi suna ban ruwan latas, kabeji, karas da alayyafo da shi, suna kai wa kasuwannin birni. Ba rashin sani ba ne kaɗai, kamar yadda akan yi saurin cewa. Ruwan ba ya yankewa, ba a biyan kuɗinsa, kuma dauɗar gidaje da ke cikinsa taki ce. Manomin yana ganin ganyensa ya yi kore shar; gishirin da ke taruwa a gonarsa da ƙarfen da ke shiga ganyen ba su bayyana ga ido a shekara guda. Duk wanda ya ce a hana shi wannan ruwa, sai ya faɗi wane ruwa za a ba shi.

Halin Calawa ya ɗan bambanta, domin madatsar da aka kammala a kansa a 1992 tana sakin ruwa da rani. Sai dai a nan matsalar ta jeri ce: matatar ruwan sha ta Tamburawa tana kusa da mahaɗar Calawa da gulbin Kano, wato a ƙasan wuraren da masana'antu ke zubar da nasu.

Doka ba ta rasa ba. Bayan da aka gano gubar da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988, Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara, ta fitar da ƙa'idojin ruwan masana'antu a 1991, ta kuma kafa wata hukumar tilasta bin su a 2007. A ganinmu raunin irin waɗannan ƙa'idoji ya wuce na rashin aiwatarwa. Suna auna abin da ke cikin lita guda a bakin bututu, ba su tambayar ko lita nawa ke cikin gulbin da za ya karɓa, alhali Agusta da Afrilu ba ɗaya ba ne. Rufewar masana'antu da dama bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, da ƙarancin lantarki, da shigowar yadi mai araha, ta rage abin da ake zubarwa, amma ba ta kwashe abin da ya riga ya kwanta a laka ba.

4. Inda abin ya shafi Nijar

Calawa da gulbin Kano su suka haɗu suka zama Haɗeja, wanda ke ƙarewa a Komadugu Yobe, iyakar ƙasashen biyu wajen Difa. Ƙarfe mai nauyi yakan kwanta kusa da inda aka zuba shi. Abin da mutanen ƙasan gulbi suka fi ji shi ne raguwar ambaliya tun gina madatsar Tiga a 1974. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka haɗa ta ƙunshi wannan yanki na Komadugu, da kuma Gulbin Maraɗi.

A Yamai jerin ya fi na Kano kyau: ana ɗibar ruwan sha a Gudel, sama da birni, unguwar masana'antu da mahauta da majemar Gamkalle kuma suna ƙasa. Amma ƙasa da su akwai fadamun shinkafa na Saga, kuma kwarin Gunti Yena yana kai ruwan kwatamin birni cikin kogin Isa, da lambuna jere a bakinsa kamar na Jakara. Kogin Isa ya fi Jakara girma nesa ba kusa ba, saboda haka akan ɗauka ruwan tsarmawa ba zai rasa ba. A watan Yuni na 1985 ya daina gudana a Yamai.