Yadda Ƙara da Girgiza Ke Kunna Sigarin Lantarki Ba Tare da An Zuƙa Ba

Abin da wannan lacca za ta yi bayani a kai shi ne dalilin da ya sa wani nau'in sigarin lantarki yakan kunna kansa alhali yana cikin aljihu ko jaka, babu wanda ya kai shi baki. Masu amfani da shi a Turai da Amurka sun daɗe da lura da haka. Mutum yakan tsaya kusa da lasifika a wurin da aka ƙure kiɗa, ko ya hau babur, ko ya buga ƙofar mota da ƙarfi, sai ya ga 'yar fitilar da ke jikin sigarin ta haska, ya kuma ji yana tsuwa kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Waɗansu sukan ɗauka nasu ne ya lalace. Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau, yana yin aikin da aka ƙera shi ya yi ne, sai dai a lokacin da ba a nema ba. Ba za a taɓa batun illar nikotin ga lafiya a nan ba, domin wannan fage ne na likitoci, kuma ya isa lacca mai zaman kanta.

Asalin na'urar da sassanta

Tunanin yin sigari marar wuta ya daɗe. A shekarar 1963 wani Ba'amurke, Herbert Gilbert, ya nemi a yi masa rajistar irin wannan ƙirƙira, aka kuwa ba shi a 1965, amma abin bai kai kasuwa ba. Wanda aka sani a yau daga ƙasar Sin ya fito, inda wani masanin haɗa magunguna mai suna Hon Lik ya ƙera shi a 2003, aka fara sayar da shi a can a 2004 da sunan Ruyan. Wajen 2006 zuwa 2007 ya shiga kasuwannin Turai da Amurka. Har yanzu mafi yawansa a birnin Shenzhen ake ƙera shi.

Sassansa ba su da yawa. Akwai batir na litiyam, da wata siririyar waya naɗaɗɗiya wadda ke tare da lagwani, da ma'ajin wani ruwa da aka haɗa da gilisarin da furofilin gilaikol da kayan ƙamshi, galibi kuma da nikotin. Idan wutar batir ta bi ta cikin wayar sai ta yi zafi, ruwan da lagwanin ya tsotso ya zama tururi, mai sha ya zuƙa.

To, mene ne zai gaya wa batirin cewa lokacin ba da wuta ya yi? A nan ne aka rabu gida biyu. Akwai mai madanni, wanda sai an danna shi da yatsa sa'an nan ya kama. Akwai kuma mai kunna kansa, wanda da an zuƙa sai ya kama, da an daina ya mutu. Masu ƙera na farko-farko sun fi karkata ga na biyun saboda dalili na ciniki. Mutanen da suke son jawowa mashaya taba ne, waɗanda suka saba su sa kara a baki su ja kawai, don haka aka so sabon abin ya yi kama da tsohon ta kowace fuska, har da 'yar jar fitila a ƙarshensa mai kwaikwayon garwashi. Cire madanni ya sa tilas a sama wa batirin wata hanyar gane numfashin mutum.

Kunnen da ke cikin batir

Masu ƙirar ba su wahalar da kansu wajen ƙago sabon abu ba. Sun ɗauko wani ƙaramin makirufo ne da ya riga ya cika kasuwa, irin wanda Gerhard Sessler da James West suka ƙirƙira a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1962, wanda ake sa wa a tarho da rikoda. Yana da araha ƙwarai, girmansa kuma bai fi ƙwayar wake ba. A masana'antun Sin har yau sunan da ake kiran wannan ɓangare na sigarin, ma'anarsa "kan makirufo".

A cikinsa akwai wani tantani mai laushi da aka ɗaure kamar fatar ganga, a bayansa kuma da ɗan faifan ƙarfe, tsakaninsu da tazara wadda ido ba ya iya gani sosai. Idan mutum ya zuƙa, iskar da ke gefe ɗaya na tantanin takan ragu, sai ya lanƙwashe, tazarar ta sauya. Wani ɗan guntun kwakwalwar lantarki da ke manne da shi yana auna wannan sauyi, in ya kai wani mizani sai ya buɗe wa wayar wuta. Ke nan abin da na'urar take ji shi ne bambancin matsin iska tsakanin fuskokin tantanin biyu. Ba ta san baki ba, ba ta san huhu ba.

Sauti kuwa shi ma matsin iska ne da ke hawa da sauka da sauri. Haka yake motsa dodon kunnen mutum, haka kuma yake motsa fatar gangar da aka ajiye a gefe idan aka kaɗa wata kusa da ita. Duk wanda ya taɓa ɗora tafinsa a kan irin wannan ganga ya ji tana rawa ba tare da an taɓa ta da gula ba. Tantanin da ke cikin sigarin ƙaramar ganga ce da ke zaune cikin aljihu, tana amsa duk kiɗan da ya kai gare ta.

Yana da kyau a kawo lissafi domin a ga girman al'amarin. Ana auna matsi da ma'aunin da ake kira faskal. Iskar da ke kewaye da mutum a bakin teku tana da matsin faskal kusan 101,000. Zuƙar da ake bukata domin kunna sigarin ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba, domin an so ko mai ja a hankali ya samu tururi. Ƙarfin sauti kuma da desibel ake faɗinsa, kuma duk ƙarin desibel 20 yana nufin matsin ya ninka sau goma. Hira ta yau da kullum, wadda take wajen desibel 60, matsinta faskal 0.02 ne kacal. A desibel 94 ya kai faskal 1, a 120, inda kunne yake fara zafi, ya kai faskal 20, a 140 kuwa ya kai 200. Wannan ya nuna cewa magana ko rediyon ɗaki ba su isa su kunna na'urar da aka saita da kyau ba. Amma waɗansu na farko-farko ba a saita su haka ba. An bar makirufon yana aiki kusan yadda yake a tarho, yana sauraren motsin iska kowane iri, ba a koya masa rarrabe ja mai ɗorewa da bugu mai zuwa ya wuce ba. Irin waɗannan ne suka yi suna wajen haskawa a gidajen rawa, musamman in kiɗan mai kauri ne irin wanda ake ji yana dukan ƙirji, domin sauti mai kauri shi ya fi tura iska da yawa.

Girgiza ta wata hanya take shiga. Tantanin yana da nauyinsa, ko da yake kaɗan ne. Idan aka girgiza gangar jikin sigarin, faifan ƙarfen yakan tafi tare da ita nan take, tantanin kuwa yakan ɗan yi jinkiri kafin ya bi, sai tazarar da ke tsakaninsu ta sauya kamar an zuƙa. Shi ne dalilin da ya sa makirufon mai jawabi yake yin gurnani in an goga hannu a jikinsa. Sigarin da aka ajiye a kan injin janareta, ko a aljihun mai babur a hanya marar kyau, ko wanda ya faɗo ƙasa, duk yana iya samun wannan.

Sai kuma iska, wadda a gaskiya ta fi ƙara haɗari, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Iskar da ke gilmawa ta bakin rami takan rage matsin da ke cikinsa, kamar yadda ake busa bakin kwalba. Lissafi ya nuna iskar da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da matsin da ya kai faskal 460. Saboda haka sigarin da aka riƙe kusa da tagar mota a buɗe yana samun abin da ya fi kama da zuƙa ta gaske fiye da kowane kiɗa, domin ja ne mai ɗorewa ta fuska ɗaya. Buga ƙofar mota alhali gilasai suna rufe shi ma yakan tura iska farat ɗaya, irin wadda mutum ke ji a kunnensa.

Abin da kan biyo baya

Mafi sauƙin asara ita ce ƙarewar batir. A ɗauki misalin ƙaramin sigari mai batir na bolt 3.7 da waya mai om 2.5. Wutar da za ta bi ta kusa amfiya ɗaya da rabi, zafin da za ta haifar kuma wat biyar da rabi. Idan batirin mai ɗaukar miliamfiya 180 ne na awa guda, minti bakwai na ci gaba da aiki sun isa su zazzage shi. Mutum yakan fito da caji cike, ya ciro shi da yamma ya tarar babu kome.

Abin da ya fi wannan muni yana faruwa ne a kan wayar. Lokacin da mutum yake zuƙa, iskar da yake ja ita ce take sanyaya wayar, take kuma kwashe tururin. In ta kama babu mai ja, zafin yakan taru wuri ɗaya, ruwan lagwani ya ƙafe, lagwanin ya soma ƙonewa. Masana kimiyyar haɗe-haɗe sun tabbatar cewa gilisarin da furofilin gilaikol, idan zafi ya yi musu yawa, sukan rikiɗe su ba da sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid da akrolin. Wanda ya zuƙi sigarin bayan haka zai ji ɗanɗanon ƙauri. Tururin da bai samu mafita ba kuma yakan koma ruwa a cikin bututun, ya gangara ta ramin iska zuwa ga tantanin. In ya jiƙa shi, yana iya manne shi da faifan, sai batirin ya ɗauka ana ta zuƙa ba hutu. Kunnawa ɗaya ta kuskure takan share wa ta biyu hanya ke nan, ta biyun kuwa ba ta bukatar ƙara.

Batirin litiyam ba ya son zafi. Idan ya wuce haddi, sinadaran cikinsa sukan soma haifar da nasu zafin, abin ya yi ta haɓaka har batirin ya fashe ko ya kama da wuta. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ba da rahoto a 2017 cewa daga Janairun 2009 zuwa ƙarshen 2016 kafofin labarai sun ruwaito fashewa ko gobara sau 195 da suka shafi sigarin lantarki, mutum 133 suka ji rauni, kuma 61 daga cikin haɗurran sun auku ne na'urar ko batirinta na cikin aljihu. Adalci ne a faɗa cewa ba ƙara ce ta jawo yawancinsu ba. Da yawa batura ne tsirara da suka haɗu da makulli ko tsabar kuɗi, waɗansu kuma wajen caji. Amma lissafin ya nuna inda abin yake iya kaiwa idan zafi ya taru a wurin da babu mai gani.

Babu inda wannan ya fi tsanani kamar cikin jirgin sama. A watan Agustan 2014 wani sigarin lantarki da ke cikin jaka a rumbun kayan jirgi ya tayar da wuta a filin jirgin Boston, sai da aka fitar da fasinjoji. A Janairun 2015 aka sake samun jaka tana ci da wuta a wurin ajiye kaya na filin jirgin Los Anjalis. A cikin wannan shekara ta 2015 Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda Nijeriya da Nijar suke cikinta, ta hana sa sigarin lantarki a kayan da ake aunawa a shigar rumbu, ta kuma hana yi masa caji a cikin jirgi. Sai dai fasinja ya riƙe shi a jikinsa ko a jakar hannu. Hikimar ita ce wutar da ta tashi a gaban mutane ana iya kashe ta. Dokar Amurka ta ƙara da cewa wajibi ne fasinja ya ɗauki matakin da zai hana wayar kamawa da kanta. Ma'aikacin da aikinsa ke kai shi tafiye-tafiye ya kamata ya san wannan kafin ya isa wurin awon kaya.

Gyare-gyaren da aka yi

Masana'antu sun bi matsalar ta hanyoyi da dama. Sun sa iyakar lokaci, yadda batirin zai yanke wuta da kansa bayan kamar sakan takwas ko goma. Wannan ya yi maganin abin da ya ɗore, amma bai yi maganin kiɗa sosai ba, domin bugun kiɗa yana zuwa yana tafiya, kowane bugu kuma sabuwar ƙidaya ce. Sai waɗansu suka ƙara ƙirga yawan kunnawa a cikin minti guda, in ya yi yawa na'urar ta kulle na ɗan lokaci. Gyaran da ya fi kama tushen matsalar shi ne koya wa kwakwalwar lantarkin bambancin da ke tsakanin abubuwan biyu. Zuƙa ja ce ta fuska ɗaya wadda takan ɗauki sakan biyu ko uku, sauti kuwa turawa ne da ja, sau hamsin ko ɗari ko fiye a cikin sakan guda. Na'urar da za ta jira ta tabbatar matsin ya ɗore ta fuska ɗaya kafin ta ba da wuta, da wuya kiɗa ya ruɗe ta. Sai dai kowane gyara da kuɗinsa. In aka tsaurara mizanin, mai sha ya yi ƙorafin sai ya ja da ƙarfi. In aka sassauta, iskar taga ta kunna shi.

Saboda haka ne da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe da amfani da shi suka koma ga mai madanni, wanda ake kulle shi da dannawa biyar a jere. Amma kasuwa ta sake juyawa da zuwan sigarin da ake sha a yar, wanda kusan dukansa mai kunna kansa ne, galibi kuma ba shi da makunni, ba a kuma raba batirinsa da wayar. Birtaniya ta haramta sayar da irinsa daga 1 ga Yunin 2025, ko da yake dalilanta na shara ne da kare yara. A ƙasashen da ake ci gaba da sayar da shi, yakan zo daga masana'anta da toshiyar roba a bakinsa da ɗan manne a kan ramin iskar da ke gindinsa, domin kada ya yoyo ko ya kama a hanya. Mai saye yakan ɓare su ya yar tun kafin ya bar bakin kanti.