Akwatin amfilifaya a Lafia: aikin kafinta da mai walda da rai ya rataya a kansa

Da wuya a yi ɗaurin aure, ko wa'azi, ko gangamin siyasa a Lafia, babban birnin jihar Nasarawa, ba tare da an kafa lasifika ba. Abin da ke tura muryar mai magana zuwa kunnen jama'a wani akwati ne da ake ajiyewa a gefe, wato amfilifaya. Wasu daga cikin waɗannan na'urori daga ƙasashen waje ake shigo da su, wasu kuwa a cikin gari ake harhaɗa su, a shagunan masu gyaran rediyo. Mai saye yakan tambayi ƙarfin sauti da farashi, ya manta da akwatin kansa, alhali shi ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi shekaru tana aiki, ko ta ƙone tun kafin a watse daga taron farko.

Kayan cikin ba na gida ba ne. Taransifoma da kafasito da taranzistoci irin su 2SC5200 da 2SA1943 na kamfanin Toshiba, duk a manyan kasuwanni ake samunsu, kamar Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano. Akwatin ne kaɗai ke fitowa daga hannun ɗan gari: ko dai kafinta ya yanka katako, ko mai walda ya lanƙwasa farantin ƙarfe. A nan ne gwanintar mai sana'a ke bayyana, a nan ne kuma ake tafka kuskuren da ke jawo asara.

Babban abokin gāba shi ne zafi. Amfilifaya irin wanda aka fi haɗawa da hannu, wanda injiniyoyi ke kira rukunin AB, yana mayar da wajen rabin wutar da yake ja zuwa zafi. Shi ya sa ake ɗaure taranzistocin a jikin wani alminiyam mai haƙora, domin ya zuƙe zafin ya miƙa wa iska. Idan akwati a rufe yake ruf, zafin sai ya taru a ciki. Masu iya aikin sukan huda ramuka a ƙasa da sama, saboda iska mai zafi sama take tashi, sannan su ɗora akwatin a kan ƙafafun roba, su kuma sa ƙaramar fanka. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin tsawon ran kafasito. A garin da zafin watan Maris kan doshi digiri 40, wannan lissafi na kuɗi ne kai tsaye.

Zaɓi tsakanin katako da ƙarfe ma yana da nasa ciniki. Katako ya fi araha, ya fi sauƙin sarrafawa, kuma yana ɗaukar ado, sai dai yana riƙe zafi, yana iya kamawa da wuta, ba ya kuma tare gurnanin nan da ke biyo sauti daga wayoyin lantarki. Katakon MDF, wanda ake haɗawa da garin itace da gam, yana kumbura idan ya sha laimar damina, musamman ta bakin da aka yanka. Don haka sai an toshe bakunan da gam ko fenti kafin a lulluɓe shi da leda ko kafet. Ƙarfe kuwa yana kare sauti daga gurnani, yana taimakawa wajen sanyaya na'ura, amma yana tsatsa idan ba a goge shi an fara shafa masa fentin share fage ba.

Haɗarin ƙarfe mafi girma shi ne lantarki. Wutar da ke shiga akwatin volt 230 ce. Idan waya ta saɓule ta taɓa jikin ƙarfen, wutar za ta iya bin igiyar makirufo har zuwa hannun ladan ko mai gabatar da taro. Abin da ke hana hakan shi ne waya ta uku, wadda ma'aikatan lantarki ke kira "at", wato mai kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Dole a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen, a wurin da aka kankare fenti, sannan a sa fiyus daidai da ƙarfin na'urar, ba a naɗa zaren waya a gurbinsa ba. Wayar ba za ta yi amfani ba idan soket ɗin ginin ko janaretan da aka jona ba shi da haɗi da ƙasa, abin da ya zama ruwan dare a wuraren taro.

Tsarin ciki shi ma ilimi ne. Ana nisanta taransifoma daga wayoyin da ke kawo murya, ana raba bayan taranzista da alminiyam da siririn fallen maika, ana kuma sa roba a duk ramin da waya za ta ratsa don kada bakin ƙarfe ya yanke ta. Da hunturu kuma ƙura kan cika haƙoran alminiyam, saboda haka akwatin kirki shi ne wanda murfinsa ke kwancewa cikin sauƙi a kakkaɓe.

Wannan batu ya shafi ma'aikacin Abuja fiye da yadda yake zato. Shi ne ake rubuto wa takardar neman taimakon kayan sauti daga masallacin unguwa ko islamiyyar ƙauye, hadimin ɗan siyasa kuma shi ke hayar kayan taro. Kafin a biya kuɗi, ya dace a nemi a buɗe murfi a duba fiyus da waya ta uku, a kunna na'urar ta yi rabin sa'a tana aiki, sannan a ji ko zafinta ya wuce kima.

Yawancin masu wannan sana'a a hannun iyayen gidansu suka koye ta. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna tana da tsarin NSQF, wanda ke ba wa irinsu damar samun shaidar ƙwarewa bisa abin da suka riga suka iya. Lafia na da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, tana kuma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai. Gajeren horo a kan fitar da zafi da kariya daga lantarki bai fi ƙarfin waɗannan makarantu ba, kuma amfaninsa zai isa ga duk wanda ya riƙe makirufo a masallaci ko coci ko filin taro.