Batir na Biyu: Lissafin da Ya Kamata Mai Firjin Mota Ya Yi Kafin Ya Biya Kuɗi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Gwandu da Kalgo yakan haura maki 40 da tsakar rana, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta. Shi ya sa ƙaramin firjin da ake haɗawa da mota ya fara shiga ran mutane. Mai zoɓo da kunun aya da ke bin kasuwannin ƙauye yana son sa. Haka mai yogot da ke kafa motarsa kusa da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a Kalgo, da mai ruwan leda da ke jiran maziyarta hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu. Akwai kuma waɗanda lamarinsu ya wuce ciniki, irin mai ciwon suga da ke tafiya da allurar insulin, da malamin dabbobi mai ɗauke da rigakafi, wanda galibinsa ake so ya zauna tsakanin maki 2 da 8.

Yawanci sai mutum ya sayi firjin ya soke shi a ramin kunna sigari na mota, ya kashe inji ya shiga harkokinsa. La'asar na yi ya murza makulli, mota ta ce ƙas-ƙas ta yi shiru, a shiga neman samarin da za su tura. Daga nan ake fara maganar batir na biyu, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta, don mutane da yawa suna zuwa su sayo irin wanda ke cikin motar, sai dai babba.

Batirin tayar da mota da batirin riƙe firji aikinsu daban ne, ko da kuwa akwatinsu iri ɗaya ne. Dukkansu jikokin batirin dalma da ruwan asid ne da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, amma cikinsu ya bambanta. Na tayar da mota farantansa sirara ne masu yawa, an yi su don su saki ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙa biyu ko uku, kik ya juya inji, altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar nan take. Na riƙo kuwa, wanda masu sola ke sayarwa, farantansa masu kauri ne, yana bayarwa kaɗan-kaɗan na sa'o'i masu yawa, a zuƙe shi a sake cikawa sau ɗaruruwa. Dokin sukuwa ke nan da jakin kaya. In ka ɗora wa dokin buhunan gero zai ɗauka, amma ba zai kai kaka ta gaba ba. Batirin tayar da mota da ake zuƙewa kullum farantansa kan zube cikin 'yan watanni. Saboda haka in mai shago ya ce maka, "Alhaji, wanga na tirela ne, ba ya mutuwa," ka tuna cewa batirin tirela ma na tayar da inji ne, girma kawai ya fi.

Kafin a je shago, a fara duba firjin kansa, domin shi zai faɗi girman batirin. Iri biyu ne ke yawo a kasuwa. Akwai mai araha, mara kwamfuresa, wanda za ka ji 'yar fanka kawai tana juyawa a murfinsa. Wannan yana jan amfiya 4 zuwa 5 ba tsayawa, kuma iyakarsa ya sauko da maki 15 zuwa 20 ƙasa da zafin waje. A ƙasar da zafi ke maki 25 abin ya yi. A Kalgo cikin Afrilu, waje na 42, cikinsa zai tsaya wajen 25, wato ruwan randa ma ya kusa kamo shi. A ganina wannan bai cancanci a saya masa batir ba, kuma kada a kuskura a ajiye magani a ciki. Na biyun shi ne mai kwamfuresa na bolt 12, wanda ke sanyi na gaske har ya yi ƙanƙara, yana tashi yana hutawa. Wasu kuma suna ɗauko ƙaramin firjin gida su haɗa da inbata. Yana aiki, sai dai inbata na cinye nata rabon a hanya, kuma lokacin tashin kwamfuresa firjin gida yakan finciko wuta mai yawa, dole inbatar ta zama babba.

Ga lissafin, kuma ba shi da wuya. A jikin kowane batir za ka ga lamba da haruffan Ah, misali 100Ah. Ma'anarsa, a takarda, zai iya ba da amfiya 5 na sa'a 20. Firji mai kwamfuresa mai lita 40 zuwa 50 yakan ja wajen amfiya 4 yayin da yake aiki. Lambobin da ake bugawa a kwalinsa an auna su ne a wuri mai sauƙin zafi, inda kwamfuresa ke hutawa fiye da yadda take aiki. A nan, cikin motar da ke tsaye a rana, ana buɗe murfi duk minti biyar don a miƙa wa mai saye, a ɗauka tana aiki kashi 60 cikin ɗari na lokaci. Sa'a 24 sau amfiya 4 ya ba da 96, kashi 60 na wannan kuma wajen 58Ah ke nan a yini da kwana. Wanda zai yi amfani da shi daga takwas na safe zuwa shida na yamma kaɗai, wajen 24Ah ya ishe shi.

Sai abin da masu shago ba su cika faɗa ba. Batirin dalma, ko na riƙo ne, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya daɗe. Mai 100Ah naka a ciki 50Ah ne. Ke nan ya wadatar da ɗan kasuwar yini har da saura, amma ba zai kai mai son firji ya kwana yana aiki ba, sai ya nemi 120Ah ko 150Ah. Duk wanda ya riƙe wannan rabin a ransa ya tsira daga mafi yawan asarar da ake yi.

A cikin na dalma akwai zaɓi. Dogon batirin nan na tubula mai 200Ah ko 220Ah da ake sa wa inbatar gida yana da juriya da sauƙin kuɗi idan aka duba ƙarfinsa, amma nauyinsa ya kai kilo 60, ruwansa a sake yake, yana son a riƙa ƙara masa tataccen ruwa. A shago ko rumfa ba shi da na biyu. A bayan mota, kan hanyar ƙauye mai gargada, asid zai fantsamo ya ci kafet da ƙarfe, ga iskar da yake fitarwa lokacin caji wadda tartsatsi kaɗan ke iya kunnawa. Na mota shi ne rufaffe, wanda ake rubuta wa AGM ko Gel: ba ya zuba, yana jure jijjiga, mai 100Ah yana da nauyin kilo 30 ko kusa.

Sai na litiyam, musamman irin da ake rubuta wa LiFePO4, wanda ya fito daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas ta Amurka cikin shekarun 1990. Mai 100Ah nauyinsa kilo 12 ne ko 13, ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, kuma yana ɗaukar caji sau dubbai. Kuɗinsa na farko ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ga wanda firjin nan ne abincinsa kullum, shi zan zaɓa, don kafin ya gaji an binne na dalma biyu ko uku. Ga mai fita sau ɗaya a mako, AGM ya isa. Sharaɗi ɗaya: litiyam ya kasance da na'urar kariya a cikinsa, wadda ke yanke wuta in caji ko zafi ya wuce kima. Haɗe-haɗen tsofaffin baturan kwamfuta da ake naɗewa da salatif a sayar da sunan litiyam wani abu ne daban, kuma gobara ce ake ɗauka a mota.

Zafi na cin batir kamar yadda yake cin firji. Ƙa'idar da masana'antu ke bayarwa ita ce duk ƙarin maki 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage rabin rayuwar batirin dalma. Don haka a ƙasar Kabi batir na biyu ba ya zama kusa da inji. A nema masa wuri a but ko ƙarƙashin kujera inda iska ke ratsawa, a ɗaure shi tamau. Firjin ma a bar masa sarari ta gefen da yake fitar da zafi, kada a jibga masa buhu, a lulluɓe samansa da bargo, a kuma zuba masa kayan da suka riga suka yi sanyi daga gida in da hali. Kwalbar ƙanƙara biyu a ƙasansa na rage wa kwamfuresa aiki sosai.

Saura caji, wanda a nan ne batura masu kyau suka fi mutuwa. Kada riwaya ya ja waya kai tsaye daga batirin mota zuwa na biyu. In aka yi haka sun zama ɗaya, firji zai zuƙe su tare, a koma tura mota. Ana sa rile mai raba su: in inji ya tashi, wuta ta haura bolt 13 da ɗoriya, sai ya haɗa su altaneta ta cika duka biyun, in inji ya tsaya ya raba. Litiyam kuwa yana son ƙaramar na'urar caji ta musamman tsakaninsa da mota, don yakan zuƙi wuta da yawa har altaneta ta yi zafi ta ƙone. Kowace waya ta fito daga kan batir a sa mata fis dab da kan, kuma ta zama mai kauri. Siririyar waya daga gaba zuwa but tana zubar da ƙarfi a hanya, sai firji ya riƙa kashe kansa alhali batir na da caji, a zauna ana zagin firji.

Ko da an haɗa daidai, gudun mota kaɗai ba ya cika batir na biyu. Daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi tafiyar ƙasa da rabin sa'a ce. In caji na shiga da amfiya 20, abin da ya koma bai wuce 10Ah ba, an kuwa ci 24 ko 58. Kullum ana binsa bashi, batirin dalma kuma in ya daɗe ba a cika shi ba wani farin gishiri yakan daskare a farantansa, ba ya sake narkewa. Barin inji yana aiki a tsaye don caji, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ya zama wasan masu kuɗi. Ranar da ke wahalar da firji ita ce mafita: faifan sola mai wat 150 zuwa 200 a saman mota, da kwantirola, yana iya mayar da 40Ah zuwa 50Ah a yini. A riƙa goge shi, musamman da hunturu, don ƙura na rage masa ƙarfi. In an samu wuta da dare a cika batirin da caja ta gida.

Ranar saye a tafi da 'yar mitar gwaji. Batirin dalma da ya huta cikakke yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8, a 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya galabaita. Sabon da ke nuna 12.2 a kan kanta ya daɗe a ajiye, a duba kwanan ƙirarsa. A ɗaga shi a ji, don dalma nauyi gare ta: wanda aka rubuta wa 100Ah amma yaro na ɗauka da hannu ɗaya, lambar ce kawai. A duba kawunansa ko an kankare, da bakin murfi ko an taɓa ɓallewa an liƙe, a karɓi takardar garanti mai kwanan wata da lambar batirin.

In tsohon ya mutu, a mayar wa dillali a rage kuɗin sabo, kada a fasa shi a tsakar gida ko a zubar da ruwansa a kwata. Dalmar da ke cikinsa ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Kafin a samu mai karɓa, a ajiye shi a tsaye, a inuwa, inda hannun yara da bakin awaki ba sa kaiwa.