Idan Ruwa Ya Ɗauke a Tsakiyar Damina: A Ƙirga Kwanaki, A Auna Abin da Ya Sauka

A watan Yulin 2023 jama'ar Maiduguri suka fita sallar roƙon ruwa, domin sama ta ɗauke a lokacin da ya kamata a ce shuka ta fara rufe ƙasa. Wata goma sha huɗu bayan nan, ranar 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, ya shiga har fadar Shehu. Mazaunin unguwar Wulari ya ga damunan nan biyu da idonsa. Amma da za a tambaye shi yawan ruwan da ya sauka a unguwarsu cikin kowace, amsarsa ba za ta wuce "kaɗan" ko "da yawa" ba. Da irin wannan amsa muke yanke shawarar ranar shuka, da ranar zuba taki, da yawan hatsin da za a saya a ajiye, kamar mai cinikin gero ba mudu.

Wani zai ce ina ruwan ɗan birni da lissafin ruwan sama? Ai da yawa daga cikin ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwar Wulari suna da ɗan fegi a bayan gari, wajen Jere, ko hanyar Konduga, ko hanyar Damaturu. Tun da rikici ya ɓarke a 2009 gonakin da ake iya zuwa cikin kwanciyar hankali suka ragu, saboda haka wanda ya yi asarar iri da taki a gonarsa ta kusa ba shi da wata ta nesa da zai huce a kanta. Wanda ba ya noma kuwa yana sayen ruwa wajen mai moya, yana sayen gero a kasuwa, kuma farashin duka biyun yana bin abin da sama ta yi.

A shekarar da ta zo daidai, Maiduguri takan samu ruwan da ya kai wajen milimita 600, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma Agusta ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Farin da ke cinye shekara ɗungurungum, dattawa sun san shi. Sun ga na 1973 da na 1984, lokacin da Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya bar hanyoyin ruwan aikin noman rani na Marte a bushe. Farin da ake magana a kansa a nan ƙanin wancan ne, kuma ya fi shi yawan zuwa: damina ta kankama, an yi shuka, sai ruwa ya ɗauke kwana goma, ko sha biyar, ko ashirin. Daga baya yana iya dawowa da ƙarfi, a ƙarshen shekara a tara lissafi a ga jimilla ta cika, alhali gero ya riga ya ƙone tun yana ɗan tsiro. Abin da ke kashe shuka shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da ruwa.

Damina tana zuwa mana ne idan iska mai laima daga Tekun Atilantika ta turo arewa ta ture busasshiyar iskar Sahara. Iyakar da iskokin biyu ke haɗuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan ta ɗan ja baya zuwa kudu, sai mu ga hadari ya haɗu a gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, sannan ya watse ba ko ɗigo. Ɗumin teku yana da hannu a ciki, har ma da na tekun Fasifik mai nisa, abin da masana ke kira El Nino, wanda ya taso a 1972 da 1982 da kuma 2023. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa da wuraren da ake tsoron zai ɗauke. Sauraron wannan hasashe wajibi ne. Sai dai hasashe ne na faɗin ƙaramar hukuma ko jiha, ruwanmu kuwa na hadari ne mai zaɓe. Yakan zuba a Wulari kwata ta cika, a Bulumkutu ko ƙura bai kwantar ba. Ma'aunin hukuma yana filin jirgin sama, abin da ya faɗa a bakinsa kaɗai yake iya shaida. Hoton gajimare da ke cikin waya kuma ƙiyasin kwamfuta ne, ba ruwan da aka tara aka auna ba.

To, auna ruwan ba ya buƙatar kuɗi. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, gindin kuma a shafe, irin babban gwangwanin madarar gari ko na tumatir, a yanke murfin tas kada a bar leɓe. Bokiti ba zai yi ba, don bakinsa ya fi gindinsa faɗi, zai riƙa ƙara wa ruwan tsawo. Kwalba ma haka, ita ragewa take yi. A kafa turke a fili, tsawonsa ya kai ƙugu, a ɗaure gwangwanin a kai ya zauna daram ba karkace ba, bakinsa ya ɗara kan turken. Nisansa da katanga ko bishiya ya kai ninki biyu na tsawonsu. Wannan sharaɗi shi ne mai wuya a unguwa irin Wulari, inda gida ke manne da gida, darbejiya kuma ta yi rumfa. Idan tsakar gida ta yi ƙunci, harabar makaranta ko ta masallaci ko ta coci ta fi, a sa ɗalibi ɗaya ko biyu su kula da shi. Kada a kuskura a ajiye shi kusa da indararo.

Kullum da sassafe, a lokaci ɗaya, a tsoma busasshen tsinke a miƙe har ya taɓa gindi, a zaro, a ɗora inda ya jiƙe a kan rular 'yan makaranta, a fara ƙirga daga sifiri. Ƙananan layukan nan su ne milimita, goma ne ke yin santimita ɗaya. A rubuta kwanan wata da adadin, a zubar da ruwan, a mayar da gwangwani. Idan da rana aka yi ruwan, a auna da zarar ya tsaya, kafin rana ta sha rabonta. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, kada a bar gurbin haka nan, domin waɗannan sifirai su ne ainihin labarin. Mutum yakan rantse cewa "an yi wata guda ba ruwa", littafi ya nuna kwana goma sha biyu ne. Yakan kuma ce "ai shekaranjiya aka yi ruwa", littafi ya nuna milimita 2 ne, yayyafin da bai wuce wanke ganye ba.

Me milimita ɗaya take nufi? Lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta ɗaya, jarka 400 ke nan mai cin lita 25. Adadin da girma a kunne, amma gonar da shuka ta tasa, a zafin Borno, tana iya rasa wajen milimita 5 a yini tsakanin abin da rana ta ɗauke da wanda shuka ta sha. Ruwan milimita 5 abincin yini ɗaya ne kawai. Kwana goma babu ruwa giɓin milimita 50 ne, jigawa kuwa ba ta da rumbun da za ta ajiye mai yawa. Ƙasar firgi, baƙar laka ta wajen Dikwa da Ngala, ita ce mai riƙo, shi ya sa ake dasa masakwa a cikinta bayan damina ta wuce, ta nuna ba tare da ta ga ruwan sama ba.

Game da shuka, akwai ƙa'idar da masu binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, suka yaɗa tun shekarun 1980: damina ba ta zauna ba sai an tara milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan ba a samu yankewar da ta wuce kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo. Rabin farko gwangwani zai faɗa maka. Rabi na biyu sai Allah, amma hasashen NiMet da littafin bara suna rage duhu. Wanda ya yi binne, ko ya bi ruwan farko da gudu, ya san caca yake yi da irinsa. In dai zai yi, to kada ya juye iri duka, ya rage na sake shuka. Gwangwanin Wulari kuma ba ya ba da labarin gonar da ke Jere. A kafa na biyu a can, mai gadin gona ko maƙwabci ya riƙa faɗar adadin ta waya, a haɗa da gwajin iyaye: a tona ƙasa zurfin tafin hannu, a dunƙula, in ta riƙe da sauran laima, in ta wargaje babu.

Idan sifirai suka jeru bakwai a littafi, abu na farko shi ne a dakata da takin zamani. Yuriya a busasshiyar ƙasa asara biyu ce, wani ya bi iska, wani ya ƙona saiwa. Taki ya jira ruwa mai jiƙa ƙasa, a tona a binne shi gefen shuka. Ciyawa kuwa a cire ta, domin tare take shan ɗan abin da ya rage, amma da fartanya sama-sama, ba huɗa mai zurfi da za ta juyo laima ta miƙa wa rana ba. A bar ciyawar da aka cire kwance tsakanin kunya ta yi wa ƙasa inuwa. A riƙa leƙa ƙoƙon masara, don tsutsar nan mai cin zuciyarta, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ta fi ɓarna idan ruwa ya ɗauke. Gero yana da haƙuri, yakan naɗe ganye ya jira, sai fa a lokaci biyu: yana ɗan tsiro, da kuma sa'ad da ya fid da kai yana bununi. Masara ba ta da wannan haƙuri, musamman in ta fara goyo. Idan shuka ta mutu kuma Yuli ta yi nisa, lissafi ya koma na kwanakin da suka rage kafin ƙarshen Satumba. Nan iri mai saurin nuna ke da rana, irin gero SOSAT da Super SOSAT da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke nan Maiduguri ta fitar, ko wake ɗan wuri. Malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha, BOSADP, sun fi iya ba da shawara mai ma'ana ga wanda ya zo da littafi fiye da wanda ya zo da "wallahi ruwa ya yi mana wuya".

A cikin gida ma adadin yana da amfani. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwan milimita 10, lita 1,000 ce ke gangarowa, duro biyar ke nan, kuma yawanci kwata ce ke shanye su. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan a tara, a rufe, don buɗaɗɗen duro gidan sauro ne. Na sha kuma a tafasa ko a sa masa magani. Lokacin ƙarancin ruwa ne mutane ke sassauta tambayar inda mai moya ya ɗebo, kwalara kuwa ba baƙuwa ba ce a garin nan.

Kada kuma fari ya sa a manta da ambaliya. Ƙasar da ta bushe ta ƙanƙame ba ta shan ruwa da sauri, magudanan da aka yi makonni ana zuba musu leda da shara sun toshe. Ruwan milimita 50 cikin awa ɗaya ko biyu ya isa ya shigo ɗaki. Kwanakin da sama ta ɗauke su ne na yashe kwata, ba ranar da hadari ya haɗu ba. Abin da gwangwani ba zai nuna ba shi ne cikar kogin Ngadda da Alau, domin ruwansu daga nesa yake tahowa, daga kudancin jihar. Don haka sanarwar hukuma kan ambaliya a ɗauke ta da gaske ko da littafinka cike yake da sifiri.

Sai jita-jita. Da zarar an yi mako biyu ba ruwa, saƙonnin murya za su fara yawo a WhatsApp cewa bana yunwa za a yi, masu ɓoye hatsi su ji daɗi, mudu ya tashi tun gero bai yanke hukunci ba. Magidancin da ya san cewa kafin yankewar an tara milimita 80, kuma gero bai kai ga fid da kai ba, ba zai sayar da akuyarsa a wulaƙance ya sayi buhu a farashin tsoro ba. Wanda kuma littafinsa ya nuna kwana ashirin a jere daidai lokacin bununi, ya tambayi na Konduga da na Jere ya ji labarin ɗaya ne, ya san lokaci ya yi da zai fara sayen abinci kaɗan-kaɗan, ya kuma tanadi harawa da kara don dabbobi tun suna da araha.