Ɗan aiken kwamfuta da takardar da yake bi

Manomin da ya sayi maganin feshi a kasuwar Zuru bai san abin da aka haɗa a cikin kwalbar ba. Rubutun jikinta ne jagoransa: murfi nawa za a zuba a ruwa lita nawa, wace ciyawa yake kashewa, wace shuka ba a kusanta shi da ita. In rubutun ya yi shiru a kan abu ɗaya, gona ce za ta ƙone. Haka lamarin yake ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da yanzu ake aikensu su yi wa mutum aiki, ba hira kawai ba.

Irin wannan ɗan aike ba shi da hannu. In an tambaye shi yaushe damina za ta sauka, wata ƙaramar manhaja ta hasashen yanayi zai kira. In farashin dawa ne, wata daban. Kamfanin OpenAI ya buɗe wannan hanya a manhajarsa a watan Yunin 2023, sannan a Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP, wanda ya sa kowa zai iya jona kayan aikinsa, wato irin waɗannan ƙananan manhajoji, da ɗan aike. Sai dai ɗan aiken ba ya leƙa cikin kayan. Abin da ake nuna masa sunan kayan ne, da ɗan taƙaitaccen bayanin aikinsa, da guraben da zai cike. Da waɗannan yake yanke shawara.

A ɗauka mai manhajar yanayi ya rubuta cewa tana ba da hasashen ruwan sama, a sa sunan wuri, ya tsaya nan. In manomi ya ce Zuru, wane Zuru ke nan? Akwai garin Zuru, akwai ƙaramar hukuma, akwai kuma masarautar da ta haɗa har da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu. Manomin Ribah ko Dirin Daji da ya ce shi mutumin Zuru ne bai yi ƙarya ba, amma zai iya karɓar hasashen garin da ba nasa ba. Kuma hasashen na gobe ne, ko na damina duka irin wanda hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara? Ɗan aiken ba zai tsaya ya yi tambaya ba in bayanin bai nuna masa akwai wurin tuntuɓe ba. Cike gurbin zai yi, ya kawo amsa da cikakken ƙarfin gwiwa, abin da ya fi damuna ke nan.

Ma'auni ya fi haɗari. Manhajar lissafin taki tana jiran hekta, manomi ya faɗi eka, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Taki zai ninka ba gaira ba dalili. Ko hukumar NASA ta Amurka a 1999 ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda ɓangarori biyu na injiniyoyi sun yi lissafi da ma'auni daban-daban.

Ingancin bayani ba a gane shi da daɗin karatu. A aikace ake gwada shi. Ana tara tambayoyi na gaskiya, a ba ɗan aiken, a duba ko ya zaɓi kayan da ya dace, ko ya cike guraben daidai, ko ya haƙura a inda babu kayan da zai yi aikin. Sai a gyara jimla ɗaya a sake gwadawa. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun kafa irin wannan jarrabawa a 2024. Akwai kuma batun amana: a Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna cewa mugu na iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, ɗan aiken ya karanta ya bi, mai shi bai gani ba. Dole mai tantancewa ya karanta rubutun kaf, ya kuma riƙa dubawa ko an sauya shi.

Tambayoyin gwajin nan, wa zai rubuta su? Wanda bai taɓa jin ana ciniki da mudu da tiya ba, bai san girmansu na bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa ba, ba zai sa su a jarrabawarsa ba. A ganina aikin irin na malamai da ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ne. Su shiga ƙauyuka su tattaro tambayoyin manoma yadda suke fita daga bakinsu, da Hausa da C'lela, su rubuta amsar da ta dace da kowace, duk manhajar da za a kawo wa manomin yankin a fara gwada ta da su kafin ta shiga wayarsa.